Tolkien Gateway: Inda Nake Zuwa Idan Fim da Littafi Suka Saɓa

Mutuwar Haldir ce ta fara kai ni Tolkien Gateway, rumbun bayani na intanet a kan littattafan J.R.R. Tolkien. Ni da ƙanena mun kalli fina-finan The Lord of the Rings guda uku na Peter Jackson sau ba adadi, tun yana ƙarami har ya zo ya fi ni tsawo. Ni na karanta littafin daga baya, shi kuwa bai taɓa buɗe shi ba. Wata rana muna kallon na biyu, aka zo yaƙin Helm's Deep, inda aka sare Haldir a kan ganuwa ana tsuga ruwan sama, sai na ce masa ai wannan babu shi a littafi, babu wata rundunar Elfawa, wato jinsin Haldir da ba sa tsufa, da ta zo wannan yaƙin. Ya juyo ya ce, "Haba Yaya, kin dai manta ne. Ta yaya za su ƙirƙiro runduna guda sukutum?" Na san ina da gaskiya, amma littafin ya haura shafi dubu, kuma tabbatar wa mutum cewa abu babu shi ya fi wuya a kan nuna masa inda yake. Sai na ɗauki waya na rubuta sunan Haldir.

Abin da na tarar a ranar shi ne dalilin da ya sa har yau ban daina komawa ba. Bayanin ya kasu gida biyu, ba a cakuɗa su ba. Na sama ya kawo abin da J.R.R. Tolkien ya rubuta da hannunsa: Haldir mai tsaron iyakar Lothlórien ne, yana da 'yan'uwa biyu, Rúmil da Orophin, shi ne ya tare Aragorn da abokan tafiyarsa bayan sun fito daga Moria, ya yi musu jagora an ɗaure musu idanu. A ƙarshen jimloli akwai 'yan ƙananan lambobi, idan ka taɓa sai su nuna maka littafin da babin da aka ciro maganar. Can ƙasa kuma, ƙarƙashin wani kanu na daban, aka jera yadda fina-finai da wasannin kwamfuta suka fito da shi, kowanne da shekararsa. A nan ne kawai, a layin fim ɗin 2002, aka ce ya jagoranci Elfawa zuwa Helm's Deep ya mutu a can. Na miƙa wa ƙanena wayar. Ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ce, "To wa ya zo ya cece su da asuba, ba Éomer ba?" Muka sake dubawa: a littafi Éomer yana cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya tun farkon dare, wanda Gandalf, tsohon nan mai sihiri, ya zo da shi wani sarkin yaƙi ne mai suna Erkenbrand. Daren nan ba mu ƙarasa fim ɗin ba.

Ga wanda bai san shi ba, Tolkien Gateway rumbun bayani ne a intanet wanda masoya littattafan Tolkien suke rubutawa da gyarawa don raɗin kansu, tun 2005. Kyauta ne, ba sai ka yi rajista kafin ka karanta ba, kuma maƙalolinsa sun haura dubu goma: mutane, garuruwa, koguna, takubba, kalmomi, har da tarihin marubucin da na bugun littattafansa. Yawan ba shi ne ya burge ni ba, don akwai wurare da dama masu tarin bayani. Ladabinsa wajen raba maganar mai littafi da maganar waɗanda suka zo bayansa, shi ne abin da nake yabo.

Sai mutum ya san yadda rubutun Tolkien yake kafin ya gane muhimmancin wannan. Yana raye ya fitar da The Hobbit a 1937, sannan The Lord of the Rings a juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955. Ya rasu a 1973 ya bar tulin takardu, wasu an rubuta an soke an sake rubutawa a kai, wasu labari ɗaya ne a siga huɗu ko biyar da ba su jitu ba. Ɗansa Christopher ne ya zauna ya tsefe su: The Silmarillion a 1977, Unfinished Tales a 1980, sai jerin The History of Middle-earth, juzu'i 12, daga 1983 zuwa 1996. Ga wasiƙunsa da aka tattara aka buga a 1981. A kan wannan kuma aka ɗora fina-finai: zanen Ralph Bakshi na 1978, ukun Jackson na 2001 zuwa 2003 da aka ɗauka a Niyu Zilan, ukun The Hobbit na 2012 zuwa 2014, shirin Amazon da ya fara a 2022, da wasanni barkatai. Idan wani ya ce maka "ai a labarin kaza ne ya faru", tambayar farko ita ce, a wanne? Yawancin masu wannan magana ba su da amsa.

Na taɓa ƙonewa a kan haka. Kafin in san wannan rumbun, na shiga wani shafi, ba zan kira sunansa ba, mai cike da tallace-tallace masu tsalle a fuska, na sami jerin sunayen Nazgûl tara, mahayan nan masu baƙaƙen kaya, kowanne da ƙasarsa da tarihin yadda ya karɓi zobensa. An rubuta shi da cikakken tabbaci, babu madogara ko ɗaya. Na kwafe su a littafin ajiyata, na yi ta faɗa wa mutane. Sai da na duba maƙalar Nazgûl a Tolkien Gateway na gane cewa ɗaya tak Tolkien ya raɗa wa suna, Khamûl, shi ma a Unfinished Tales ne, ba a babban littafin ba. Shugabansu ma da laƙabi kawai aka san shi, Sarkin Angmar. Sauran sunayen masu wani wasan tebur ne suka ƙirƙiro su shekaru bayan rasuwarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, ba don sunayen ba su da daɗi ba, sai don an sayar mini da su a matsayin maganar marubucin. Haka batun Legolas: akwai wani adadin shekaru da ke yawo a intanet ana cewa nasa ne, alhali Tolkien bai taɓa faɗin shekarunsa ba. Ko launin gashinsa bai fayyace ba. Mahaifinsa Thranduil ne aka ce yana da gashi ruwan zinariya.

Maƙalar da na fi karantawa ita ce ta Faramir, kuma a kanta na fi ganin amfanin wannan aiki. Wanda ya kalli fim kaɗai zai ɗauka Faramir tamkar wansa Boromir ne, wanda ya so ƙwace zoben sihirin da Frodo yake ɗauke da shi don a hallaka shi: ya ga zoben, zuciyarsa ta karkata, ya tasa ƙeyar Frodo da Sam zuwa Osgiliath don ya faranta wa mahaifinsa, sai daga baya ya sake su. Na littafi wani mutum ne daban. Tun kafin ya san ainihin abin da Frodo yake ɗauke da shi ya ce ko a gefen hanya ya tsince shi ba zai ɗauka ba, da ya sani kuma bai sauya magana ba. Ya ba su guzuri da sanduna, ya gargaɗe su a kan hanyar da Gollum, ɗan jagoransu, yake son bi da su, ya sallame su. Rumbun ya kawo wannan duka da babinsa, sannan ya tura ni ga wasiƙu biyu da ban san da su ba. A ta farko, ta watan Mayun 1944, Tolkien yana gaya wa Christopher, wanda yake Afirka ta Kudu yana horon sojan sama a lokacin, cewa wani sabon mutum ya shigo labarin ba tare da ya shirya masa ba, ya fito kawai daga dajin Ithilien. A ta biyu ya ce idan akwai wanda ya yi kama da shi a cikin mutanen littafin, to Faramir ne, har mafarkin da ya daɗe yana yi na wata gagarumar igiyar ruwa da ke haɗiye ƙasa ya ba shi. Mutumin da ya ga yaƙin Somme da idonsa a 1916, ya rasa aminansa a can, shi ne ya rubuta sojan da ba ya son takobi don kaifinsa sai don abin da yake karewa. Da na san haka sai sauyin da fim ya yi ya ƙara yi mini ciwo, ko da yake na fahimci hujjar masu fim ɗin: sun kwashe awanni suna nuna wa mai kallo cewa babu wanda zoben ba ya ruɗa, sai kuma ga wani ya ture shi cikin sauƙi. Rumbun bai ce wane ne ya yi daidai ba. Ya ajiye mini biyun a gabana ya bar ni da hukuncina, kuma hukuncina har gobe yana tare da littafi.

Akwai wani abin da sai da taimakonsa na lura da shi, duk da na karanta littafin sau biyu. Kowa ya san an cire Tom Bombadil daga fim, kuma mutane da yawa suna cewa babu asara, tsoho ne mai waƙe-waƙe da ba ya ƙara wa labari komai. To amma Tom ne ya ceto Hobitawa huɗu, ƙananan mutanen nan Frodo da Sam da Merry da Pippin, daga cikin tsohon kabari, kuma daga dukiyar kabarin ya zaɓar musu wuƙaƙe. Mutanen arewa ne suka ƙera waɗannan wuƙaƙe tun zamanin da suke yaƙi da Angmar, da nufin su cutar da sarkinta. Kusan shafi ɗari bakwai bayan haka, a filin Pelennor, da wannan wuƙar Merry ya soki Sarkin Angmar a bayan gwiwa, abin da ya ba Éowyn damar gamawa da shi. A fim Aragorn ne kawai ya watsa musu wasu takubba a kan tsaunin Weathertop, ba tarihi ba dalili. Daga maƙalar wuƙar na bi mahaɗi zuwa ta kabarin, daga nan zuwa daular Arnor da yadda ta rabu gida uku ta rushe, kafin in ɗago kai dare ya raba. Irin wannan zaren da marubuci ya binne a babi na takwas ya tono shi a juzu'i na uku, shi ne abin da rumbu mai mahaɗai ya fi kowane littafin sharhi iya nunawa.

Lissafin kwanaki ma haka. Fim ya sa ka ji kamar Frodo ya bar gida 'yan makonni bayan bikin zagayowar haihuwar Bilbo, tsohon da ya riƙe shi. A littafi shekara 17 ce tsakani: bikin a shekara ta 3001 ta Zamani na Uku, Bilbo yana da 111, Frodo yana da 33, tafiyar kuma a 3018, Frodo yana ɗan 50. Sun bar Rivendell ranar 25 ga Disamba, zoben ya hallaka 25 ga Maris, wato wata uku ne kacal duk wannan wahalar. Duk yana cikin ratayen ƙarshen littafin, amma can an jera shi da ƙananan haruffa; a nan kowace shekara da muhimman ranaku suna da nasu shafin, kana iya ganin inda kowa yake a rana guda.

Sashen da na fi so kuwa, wanda ba kowace maƙala ke da shi ba, shi ne na tsofaffin sigogin labarin. A can na san cewa Aragorn a rubutun farko Bahobice ne mai takalmin katako ana kiransa Trotter, Frodo kuma sunansa Bingo. A can kuma na ga yadda suke yi idan Tolkien ya saɓa wa kansa. Misali Gil-galad, sarkin Elfawa na ƙarshe: The Silmarillion ya ce ɗan Fingon ne, amma Christopher da kansa ya zo daga baya ya ce wannan zaɓin nasa kuskure ne, maganar mahaifinsa ta ƙarshe ita ce ɗan Orodreth ne. Mai son sauƙi zai ɗauki ɗaya ya jefar da ɗaya. Su sun kawo biyun, suka faɗi wanda ya zo a wane littafi da kuma dalili. Haka suka yi da tsohuwar gardamar nan ta ko Balrog, dodon wutar nan na Moria, yana da fukafukai, wadda masoya suka shekara da shekaru suna yi a kan jimloli biyu na babin gadar Khazad-dûm.

Ba shi kaɗai nake amfani da shi ba. Encyclopedia of Arda ya girme shi, tun 1997 Mark Fisher yake tafiyar da shi, kuma da yake hannu ɗaya ne ke rubutawa, muryarsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, gajere kuma a natse. Ina son yadda yake nuna maka kwanan watan yau a kalandar Shire, ƙasar Hobitawa, kalanda mai wata 12 kowanne kwana 30 da wasu 'yan ranaku na biki da ba sa cikin kowane wata. Idan tambayata gajeriya ce, can nake fara leƙawa. TheOneRing.net kuwa na labarai ne, ba na bincike ba. An kafa shi a 1999 lokacin da ake shirin ɗaukar fina-finan, kuma tarihinsa kansa abin karantawa ne: an taɓa ba ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi takardar hana ta kusantar wurin ɗaukar fim saboda yawan leƙen asirinta, daga baya aka gayyace ta ciki da mutunci. A 2004, daren da fim na uku ya lashe kyautar Oscar 11, Jackson da 'yan wasansa sun je walimar da masoyan suka shirya. Ga mai sha'awar harsunan da Tolkien ya ƙirƙira, Quenya mai ƙamshin harshen Finlan da Sindarin mai kama da na Wales, akwai Ardalambion na Helge Fauskanger ɗan ƙasar Norwe, mai darussan Quenya, da Eldamo na Paul Strack, wanda ke nuna maka kowace kalma da lokacin rayuwar Tolkien da ta fito. Wannan fagen ya fi ƙarfin buƙatata, iyakata in duba ma'anar suna in fito.

Akwai abubuwan da ya kamata mai shiga ya sani. Na farko, kuma mafi girma: Tolkien Gateway ba na wanda bai gama labarin ba ne. Kusan kowane mutum yana da ɗan akwatin bayani a saman shafinsa, da ranar haihuwa da ranar mutuwa da wurin da ya mutu. Idan kana tsakiyar juzu'i na farko ka shiga duba wane ne Boromir ko Théoden, idonka zai faɗa kan abin da ba ka so ka sani ba tukuna. Haka kowane kundin bayani yake, amma ina fata da akwai wata hanya ta rufe wannan ga sabon mai karatu. Na biyu, da Turanci yake, kuma Turancin wani lokaci yana ɗaukar nauyin na Tolkien, da tsofaffin kalmomi da sunaye masu ɗigo da ƙaho a kan haruffa. Na uku, da yake hannaye da yawa ne ke rubutawa, maƙalolin ba su kai juna ba. Ta Gandalf ko ta Galadriel za ta ci maka awa guda, ta wani ƙaramin ƙauye ko wani ɗan wasan fim layi uku ce. Kuma bayanin fina-finan gajere ne da gangan; wanda yake son ya san yadda aka gina Hobbiton a gonar tumaki kusa da Matamata, ko yadda Howard Shore ya tsara kiɗan, zai fi samun biyan buƙata a faifan bayan fage da suka zo da dogon zubin fina-finan.

Sai abu na ƙarshe da nake jin tsoronsa ga kaina ma: rumbun yana da daɗin yawo har mutum ya ɗauka ya san littafin alhali taƙaitawa ya karanta. Maƙalar mutuwar Saruman, mai sihirin da ya ci amana, za ta gaya maka cewa a littafi ba a Isengard ya mutu ba, a Shire ne, a ƙofar gidan Frodo, bayan ya lalata ƙasar Hobitawa ya sare itatuwanta, kuma baransa Gríma ne ya yanka shi. Duk gaskiya ne. Amma ba za ta sa ka ji abin da na ji ba lokacin da Frodo, bayan mutumin ya kai masa suka da wuƙa, ya hana a taɓa shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma masu rumbun sun san haka, shi ya sa kowace jimla tasu take nuna maka babin da za ka koma.

Ƙanena ya karɓi kwafina na juzu'i na farko wata biyu da suka wuce. Yana tafiya a hankali, ya yi ƙorafin cewa sun daɗe ba su bar Shire ba. Shekaranjiya ya aiko mini da saƙo da dare: "Yaya, wane ne wannan mai shuɗiyar riga da rawayan takalma? Ya saka zoben kuma bai ɓace ba." Na ce masa kada ya duba ko'ina tukuna, ya ƙarasa babi na takwas, kuma ya riƙe a ransa wuƙar da za a ba Merry.